Darasi: Kwashe umarnin neman rubutu daga Oracle zuwa wasu rumbunan bayanai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan umarni ɗaya tak za mu zauna, wanda ake nemo wurin da wani harafi ko wata kalma take a cikin rubutu da shi. A Oracle sunansa INSTR. Ƙaramin abu ne a ido, amma idan aka ce ku kwashe aiki daga Oracle ku mayar da shi SQL Server ko PostgreSQL ko MySQL, yana cikin abubuwan da suke ɓata lissafi ba tare da kowa ya ji motsinsu ba.

Ku dubi allo. Na rubuta sunan wani fayil: 'bayanai/2024/rahoto.pdf'. Haruffa 23 ne. Akwai sanda mai karkata guda biyu, ta farko a matsayi na 8, ta biyu a matsayi na 13. Da wannan za mu yi ta gwaji har ƙarshe. Duka rumbunan nan daga 1 suke fara ƙirga, ba daga sifili ba, kuma idan ba su samu abin da aka nema ba sai su ba da 0. A nan bakinsu ɗaya, mu wuce.

Saɓanin farko shi ne wanda ake fara rubutawa. A Oracle, rubutun da za a bincika ne a gaba, abin da ake nema a baya. STRPOS na PostgreSQL haka yake, INSTR na SQLite, wani rumbun bayanai, ma haka. Amma CHARINDEX na SQL Server a juye yake: abin nema a gaba, rubutu a baya. MySQL kuwa biyu ya ajiye, INSTR da ke bin tsarin Oracle, da LOCATE da ke bin tsarin CHARINDEX. To kun ga mai gaggawa zai canza suna kawai, ya goge INSTR ya sa CHARINDEX, ya bar sauran yadda suke. Bari in yi hakan ku gani. Ga shi, amsa ta fito 0. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, domin tambayar da aka yi mata halal ce: an ce ta nemo dogon sunan fayil a cikin sanda guda, ta duba ba ta gani ba.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. INSTR na Oracle abu huɗu yake karɓa: rubutu, abin nema, wurin farawa, da kuma karo na nawa. Idan wurin farawa ya zama lamba mai alamar ragi, sai ya fara daga ƙarshen rubutu yana dawowa baya. Masu aikin Oracle sun saba da wannan sosai, da shi suke ciro sunan fayil ko wutsiyarsa. Na rubuta INSTR(suna, '/', -1), amsa 13, wato sandar ƙarshe. Mu tafi SQL Server, mu juya su yadda ya kamata, mu bar -1 ɗin nan: CHARINDEX('/', suna, -1). Me kuka gani? 8. Shi SQL Server idan ya ga sifili ko lamba mai ragi a wannan wuri, daga farko kawai yake farawa. Ke nan maimakon ku samu 'rahoto.pdf' sai ku samu '2024/rahoto.pdf'. Abin haushin ma, duk sunan da sanda ɗaya ce a cikinsa daidai zai fito, saboda ta farko ita ce ta ƙarshe. Sai ku gwada layi goma ku ga lafiya lau, alhali ɓarnar tana can layi na dubu.

Maganin da aka saba shi ne a juya rubutun da REVERSE, a nemo sandar, a debe daga tsawonsa a ƙara 1. A namu, bayan juyawa sandar tana matsayi na 11, to 23 a debe 11 a ƙara 1, an dawo 13. Madalla. Sai dai dabarar tana da ramuka biyu. Idan babu sandar kwata-kwata, lissafin zai ba ku tsawon rubutu da ƙarin 1, ba 0 ba, don haka dole ku kewaye shi da CASE, umarnin sa sharaɗi. Na biyu, LEN na SQL Server, mai auna tsawon rubutu, ba ya ƙirga fili marar rubutu da ke ƙarshen kalma, shi kuwa REVERSE yana juyawa har da filin. Fili biyu a wutsiyar suna, lissafinku ya zame da biyu. Idan kuma abin neman ya wuce harafi ɗaya, shi ma sai kun juya shi, kun sa tsawonsa cikin lissafi.

Batun karo na nawa kuwa, CHARINDEX bai san shi ba, LOCATE ma haka. PostgreSQL ya samu sauƙi tun fitowa ta 15 a 2022, da aka kawo REGEXP_INSTR mai karɓar wurin farawa da karo. Amma ku kula, shi tsari yake nema ba harafi tsagwaro ba: ɗigo a wurinsa yana nufin kowane harafi, sai kun sa masa sanda mai komawa baya kafin ya gane ɗigon gaske kuke nufi. Wanda ke da tsohuwar fitowa zai iya ɗora orafce, ƙarin da ke kawo wa PostgreSQL umarnai irin na Oracle, ko ya rubuta nasa instr da PL/pgSQL, harshen rubuta umarni na PostgreSQL. Ni idan wuraren da ake kiran umarnin suna da yawa, rubuta nawa na fi so, in gyara wuri ɗaya in huta, ba in bi ɗaruruwan layuka ina liƙa dabara ba.

Saura manya da ƙananan haruffa. Oracle da PostgreSQL da SQLite, a yadda suka zo, suna bambanta 'R' da 'r' a wannan nema. SQL Server da MySQL kuwa ya danganta da ƙa'idar kwatanta haruffa da aka ɗora wa teburin, kuma wadda aka fi samu ba ta bambantawa. Ku nemi 'RAHOTO' a sunanmu: Oracle 0, SQL Server 14. Kuna iya tilasta masa da COLLATE, ku zaɓi ƙa'idar da ke da CS a sunanta, wato mai bambanta manya da ƙananan haruffa.

Af, kafin in manta, rubutun da babu komai cikinsa. Oracle ɗaukarsa yake a matsayin NULL, wato babu ƙima ko kaɗan, don haka neman wofi a cikin rubutu NULL zai ba ku. PostgreSQL da MySQL su ce 1, SQL Server ya ce 0. Tambaya ɗaya, amsa uku. Haka nan idan kun ci karo da INSTRB a tsohon aiki, bayit (ma'aunin ajiyar bayanai) yake ƙirgawa ba harafi ba, kuma a tsarin ajiye haruffa na UTF-8 harafi irin ƙ ko ɗ bayit biyu ne.

Aikin da zan bar muku: ku buɗe ƙaramin tebur, ku zuba masa suna mai sanda ɗaya, mai sanda uku, marar sanda, mai fili a ƙarshe, mai manyan haruffa, wofi, da NULL. Ku gudanar da tsohon umarni a Oracle ku adana amsoshin, ku gudanar da sabon a ɗaya rumbun, ku jera su gefe da gefe. A darasi na gaba za mu ɗauki SUBSTR, umarnin yanko ɓangaren rubutu, mu ga abin da ke faruwa idan wancan 0 ɗin na rashin samun abin nema aka debe masa 1 aka miƙa a matsayin tsawo: Oracle zai yi shiru ya ba da NULL, SQL Server da PostgreSQL kuwa tsayawa za su yi cak. Sai mun haɗu, a huta lafiya.