Ta yaya ake ƙirga abin da na'ura ba ta gani ba?

Na'urar da muke magana a kanta ita ce CMS, mai gano ƙananan ƙwayoyin da ke fitowa daga karon furoton (ƙwayar da ke cikin cibiyar atom), can ƙarƙashin ƙasa kimanin mita 100 a Faransa, kan zoben LHC, injin da ke gwara furoton, na cibiyar binciken kimiyya ta CERN. Nauyinta tan 14,000. Sau miliyan 40 a daƙiƙa gungun furoton ke haɗuwa a tsakiyarta.

To, tambayar da kuka yi ta aikowa: an ce tana kama muwon, wata ƙwaya mai caji irin elektron amma ta fi shi nauyi, sama da 96 cikin 100. Waɗanda suka kuɓuce fa, wa ya ƙirga su?

Ku lura da sassa biyu na na'urar. Na ciki silikon ne, yana zana hanyar duk ƙwaya mai caji, maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3.8 yana lanƙwasa ta. Na waje ɗakunan muwon ne, bayan tulin ƙarfen da kusan muwon kaɗai ke ratsawa.

A nan ƙwayar Z, wadda karon furoton kan haifar, ke shigowa. Nauyinta sananne ne, GeV 91 (GeV ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi ne), kuma wani lokaci takan rabe gida biyu: muwon mai caji tabbatacce da mai korau. Tagwaye ke nan. In ka ga Hassan, ka san Hussaini na kusa.

Sai a ɗauki muwon ɗaya da ya cika duk sharuɗɗa, ciki da waje. Shi ne shaida. Na biyun, silikon kaɗai ake tambaya, ba a leƙa waje tukuna. A haɗa su a lissafa nauyi. In ya faɗa kusa da 91, mun san muwon ne tun ɗakunan waje ba su ce uffan ba. Yanzu ne za a tambaye su: kun gan shi? A raba waɗanda aka gani da jimillar duka. Wallahi dabarar nan tana burge ni.

Inda ake tuntuɓe: wasu hanyoyin ba na muwon ba ne, dace kawai ya kawo su kusa da 91. In aka zana jadawalin nauyin, tagwayen gaske kan yi tudu a 91, waɗannan na dace kuma su yi shimfiɗa a ƙarƙashinsa. In ba a cire ta ba, sai a ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba.

In kuma aka zana adadin da ake kamawa bisa kusurwar da muwon ya bi, ana ganin ramuka biyu: giɓi ne tsakanin manyan zobban ƙarfe na gangar CMS, muwon na sulalewa ta nan. In kwaikwayon kwamfuta ya ba da adadi dabam, shi ake gyarawa ya bi abin da aka auna.