Lacca: Kalmar "Uku" Daga Indiya Har Ingila

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke sahun gaba, da ku ɗalibai na can baya, barkanmu da yamma. Kafin mu shiga karatu, dattawa, wa ya tuna taro? Ba taron jama'a irin wannan ba, taron kuɗi, kwabo uku, wanda aka daina kashewa bayan shigowar naira a 1973. To ku ajiye min shi a aljihu, zan karɓa nan gaba.

A shekarar 1786, a birnin Kalkata na Indiya, wani alƙali Bature mai suna William Jones ya tashi a gaban masana. Bai daɗe da fara koyon Sanskirit ba, tsohon harshen addini da shari'a na Hindu, saboda aikinsa na kotu. Ya ce musu kamar da ke tsakanin harshen nan da Girkanci da Latin ta wuce a ce dace ne, dole tushensu ɗaya, kuma wataƙila tushen ma ya ɓace. Yau dangin nan ake kira harsunan Indiya da Turai.

Da kalmar "uku" zan nuna muku wannan dangantaka. Me ya sa na zaɓi lissafi? Saboda ƙananan lambobi ba su cika yin ƙaura ba. Ku duba namu. Daga ashirin har tis'in duk aro muka yi wurin Larabawa, muka ture gomiya biyu da gomiya uku gefe. Amma ɗaya, biyu, uku, huɗu, suna nan daram, babu wanda ya taɓa su. Abin da uwa ke ƙirga wa ɗanta da yatsu, ba kasafai baƙo ke ƙwace shi ba.

To ku kasa kunne. Idan za a ce uku, Sanskirit na cewa trayas. Girkanci treis, Latin tres, Rashanci tri, harshen Lituwaniya trys, Faransanci trois. Masu kallon fim ɗin Indiya, kun sha jin tin, wato uku, ita ma 'yar gidan ce. Masana sun jera waɗannan suka ce kakarsu ita ce treyes, kuma idan za su rubuta ta sai sun sa mata tauraro a gaba, alamar cewa babu wanda ya taɓa ganinta a rubuce, gano ta aka yi ta hanyar kwatance. Galibinsu suna ganin makiyaya ne suka yi wannan harshe a filayen arewacin tekun Bahar Aswad, wajen Yukren da kudancin Rasha na yau, wajen shekara 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce.

Wannan jerin kowa zai iya yin sa, kuma ni ba ya burge ni sosai. Ai kama da wane ba ta wane. Kalmomi biyu kan yi kama ba su haɗa komai ba. Hujjar gaskiya tana wurin waɗanda ba su yi kama ba.

Mu ɗauki Ingilishi. Me ya sa suke cewa three, da harshe tsakanin haƙora kamar "tha" ta Larabci? Jacob Grimm na Jamus ya yi bayani a 1822, bayan Rasmus Rask na Denmak ya share masa hanya. A reshen da Ingilishi ya fito, tsohon sautin t na farkon kalma ya koma th, kuma ba a kalma ɗaya ba. Latin tu, wato kai, tsohon Ingilishi thou. Latin tenuis, siriri, Ingilishi thin. Bajamushe kuma ya ƙara taku ɗaya, ya mai da th ɗin d: drei, du, dünn. Kun ga doka ce, sauti yakan tashi ne da garkensa gaba ɗaya.

Ga mai wuya. Mutanen Iran suna cewa se. Ina t, ina r? Sai ka rantse ba dangi ba ne. Amma duba kalmar ɗa: Sanskirit putra, Farisanci pesar. Can ma tr ta narke ta zama s. Abin da ya ci ta a uku shi ya ci ta a ɗa. Armeniyawa kuwa erek suke cewa. T ta faɗi, aka bar r a gaba, su kuma harshensu ba ya yarda kalma ta fara da wannan r ɗin, sai suka jingina mata e. Mu ma haka muke yi, bakinmu ba ya son baƙi biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muke cewa burodi da fursuna.

Akwai wani labari da nake so ƙwarai, domin na san a zauren nan akwai ma'abota doki. A kangon birnin Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, an tono allunan yumɓu masu ɗauke da darasin horar da dawakin karusa, na wani gwani mai suna Kikkuli daga tsohuwar daular Mitanni ta arewacin Siriya, wajen shekara 3,400 ke nan. Rubutun da harshen Hittiyawa, mutanen birnin, yake, amma da aka zo ƙirga zagayen da doki zai yi a fili, sai ga kalmomin sana'a na wani harshe ɗan'uwan Sanskirit: tera-wartanna, zagaye uku, panza-wartanna, biyar, satta-wartanna, bakwai. Je ka kasuwar Delhi yau, panch da sat za ka ji. Kamar yadda makanikinmu ke cewa giya da kuloci ne, sana'a ta zo da bakinta.

Wani zai ce, Malam, to ukunmu fa? Babu ruwanta da su. Hausa 'yar reshen harsunan Cadi ce, cikin dangin Afirka da Asiya, inda Larabci da harshen tsohuwar Masar suke. Gidansu daban, namu daban.

Yanzu dattawa, a miƙo min tarona. Kalmar Ingilishi ce, threepence, wato kwabo uku, bakin mutanen kudu ya tauna ta kafin ta iso mana, kamar yadda sixpence ta zama sisi. 'Yan'uwanmu na zangon Accra da Kumasi kuma kullum suna hawa trotro, motar da ta samo suna daga kuɗin da ake biya a da, kwabo uku. Don haka tsohuwar da ta sayi gishirin taro a kasuwar Kurmi, t da r ɗin makiyayan can ne a bakinta. Na ga an ɗaga hannu a baya, bismilla.