Ciro boltin manifol da ya karye a cikin top silinda

Laccar da aka yi wa makanikai da yaran gareji a Kano, an rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Iyayen gida da ke wurin nan, da 'yan'uwana makanikai, da yaranmu masu koyo, barkanmu da warhaka.

Abin da nake so mu riƙe tun farko shi ne, in bolti ya karye a top silinda, wato kan inji da ke rufe silindoji, boltin ya riga ya mutu. Abin da kake ceto shi ne ramin da zaren da ke cikinsa. Bolti kuɗinsa kaɗan ne a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma top silinda kowa ya san abin da ake biya kafin a ɗauko shi. Saboda haka duk dabarar da za ta taɓa zaren ramin, a bar ta sai ƙarshe.

Me ke karya shi? Manifol na salansa, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga top zuwa salansa, yakan kai zafin digiri 600 zuwa 800 na Celsius in mota tana jan kaya, ya kumbura, a kashe inji ya koma. Top silinda na alminiyam ne a yawancin ƙananan motocin da muke gyarawa, kuma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Kullum ana jan boltin ana sakinsa, ga tsatsa tana cin gindinsa. Shi ya sa na bakin gefe, na silinda ta farko da ta ƙarshe, su suka fi karyewa. Alamarsa ba ta ɓuya: da safe in an tayar da mota za ka ji tas-tas-tas, in ta yi zafi ƙarar ta lafa, sannan ka ga baƙin hayaƙi ya zana a gefen gasket. Kada a ce wa mai mota ya ci gaba da hawa. Iskar da ke shiga ta wurin tana ruɗa sensan oksijin, mota ta riƙa shan mai, kuma hayaƙin yana iya shiga cikin mota, wanda guba ne.

Kafin komai, a bar inji ya huce sarai. A cire manifol ɗin gaba ɗaya, a toshe ramukan hayaƙi da tsumma don kada garin ƙarfe ya faɗa kan bawul. A goge wurin da burushin waya, a fesa WD-40 ko makamancinsa, a ɗan bubbuga kan guntun da ƙaramar guduma, a ba shi lokaci. In aikin zai iya kwana, ya kwana.

Sai ka duba yadda ya karye. In ya bar tsawo a waje da zare mai kyau, ka ɗaura noti biyu, ka ɗaure su da juna, ka kama na ƙasa da sufana. In babu zare, filaya mai kulle. Amma ba a kwance shi da ƙarfi ɗaya. Ka fara ɗan matsa shi kamar za ka ɗaure, sannan ka dawo, gaba da baya, har ka ji ya saki. In ka ji yana murɗewa da laushi ba tare da gindin ya motsa ba, tsaya, zai sake karyewa ne.

In ya karye daidai da fuskar top, ko ya ɗan nutse, to walda ce maganinsa, kuma a ganina babu dabarar da ta kai ta. Dalili biyu ne. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, don haka zaren ramin yana nan lafiya. Sannan zafin yana shiga cikin guntun kai tsaye, ya kumbura shi, in ya huce ya tsuke, tsatsar da ta riƙe shi ta farfashe.

Ga yadda ake yi. A cire kan batir na negatib, a ɗaura wayar at (earth) ta injin walda a jikin top ɗin kusa da aikin, ba can a bodi ba, don kada wuta ta bi ta cikin wayoyi ta ƙona birenbos, wato kwamfutar mota. A kare tiyon mai da wayoyi da jiƙaƙƙen tsumma ko guntun kwano. A kankare kan guntun sai ya yi fari, domin walda ba ta zama a kan mai da tsatsa. In ya nutse, a riƙa ɗiga walda a tsakiyarsa, ɗigo a kan ɗigo, ana kakkaɓe dattin kowane ɗigo, har ya taso sama. Sai a ɗora washa a walde ta da shi, sannan a ɗora noti a kan washar a cika cikinsa. Ga bolti mai milimita 8, noti na milimita 10 ya fi, don sandar walda ta samu wurin shiga har ƙasa. Sanda mai kauri 2.5 ta isa, a wuta wajen amfiya 80 zuwa 90. In wutar ta yi rauni, notin kawai za ka cika, guntun bai narke ba, kana murɗawa ya fita kamar hula.

Kada a murɗa shi yana ja. Ƙarfen da ya yi ja da zafi ba shi da ƙarfi. A bar shi ya huce da kansa, kada a watsa ruwa, sannan a kama da sufanar hannu, gaba da baya. In notin ya ɓalle, a sake wani. Sau uku, sau huɗu, ba asara ba ce, kowane zagaye yana ƙara sassauta shi.

Wani ya tambaya daga baya can, in top ɗin na kas ne fa, wato ƙarfen zubi ba alminiyam ba, irin na manyan motocin dizal? To nan walda tana iya kama bakin ramin, sai an yi hattara. Washar ce garkuwarka, ka zaɓi wadda raminta bai fi kaurin guntun ba, ka tsaya a tsakiya.

In walda ta ƙi, ko babu wurin shigar sanda, sai huda. Duk aikin huda yana kan bugun farko. A daidaita kan guntun, a buga fanci a tsakiya cif. In ya nutse, a mayar da manifol ɗin a sa ɗan bututu a raminsa ya zama jagora, don bakin dirila ya tafi a miƙe. A fara da milimita 3, a hankali, ana ɗiga mai. Wanda ya samu bakin dirila mai juyin hagu ya yi amfani da shi, sau da yawa yana cikin ci sai guntun ya biyo shi waje. A auna zurfin wani ramin da ba komai a ciki, a naɗa salatif a bakin dirila daidai wannan tsawon. A injuna da yawa hanyar ruwa tana bayan ramin, in ka zarce ka huda ta, ruwa zai riƙa bin bolti yana fita.

Ana ƙara girman huda kaɗan-kaɗan. Ga M8, wato bolti mai milimita 8, mai zare 1.25, a tsaya a milimita 6.8. Ga M10 mai zare 1.5, a tsaya a 8.5. In hudar ta tafi a tsakiya, abin da ya rage siririn zare ne kamar waya, a tsince shi da tsinke, a bi da taf, wato abin yanka zare, a wanke ramin.

Shi kuwa ekstirakta, wannan mai murɗin hagu da ake bugawa a rami, ba na son ganinsa a hannun yaro. Yana buɗa guntun ya ƙara matse shi a ramin, kuma ƙarfensa mai tauri ne mai saurin tsinkewa. In ya karye a ciki, bakin dirila na yau da kullum ba ya cinsa, sai na kabaid mai tsananin tauri, ko a sauke top a kai wa masu injin. A guntun da ya riga ya motsa kaɗai yake da amfani.

In zare ya lalace, kada a cusa bolti mafi girma da ƙarfi. A sa Helicoil, wato murɗaɗɗiyar wayar da ake sawa a rami ta zama sabon zare, a huda da bakin da ya zo cikin kwalinsa, a yanka zare da taf ɗinsa, ramin ya koma M8 ɗinsa.

Wajen mayarwa, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol a gwada da filageji, wato siraran fallayen auna tazara. In ya lanƙwashe a kai a goge shi, in ba haka ba sabon boltin ma karyewa zai yi. A canza duka boltocin, masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, da sabon gasket. A shafa man hana kamewa mai jan ƙarfe a zaren, kaɗan. A fara ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, da sufana mai awo. M8 yawanci wajen 20 zuwa 25 Nm ne a awon sufanar, amma littafin motar shi ne gaba. In inji ya yi zafi ya huce, a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu a matso da top ɗin nan kan benci, a jona injin walda, mu gwada na washa da noti kowa ya gani.