Jikokin masu haƙar kuza: yadda 'yan Malesiya suka bazu a duniya

Assalamu alaikum. Jama'a, mu fara da wata hanya da aka cike teku aka shimfiɗa tsakanin Johor Bahru, birnin da ke kudancin Malesiya, da tsibirin Singafo, wadda aka buɗe a 1924. Tun kafin asuba babura ne maƙil a kanta, kowa na sauri ya tsallaka wurin aiki, da dare ya komo gida. Ranar 9 ga Agusta 1965 Singafo ta fita daga tarayyar Malesiya, sai ɗan gida ya wayi gari baƙo. Yau dalar Singafo ɗaya ta kai ringgit uku, kuɗin Malesiya, to wa zai ga laifin mai tsallakawa?

A 2011 Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Malesiya da ke waje sun kai kusan miliyan ɗaya, fiye da rabi a Singafo, sauran a Ostiraliya, Ingila, Amurka da makamantansu. Galibinsu 'yan asalin Sin ne, kuma a nan nake so ku saurara da kyau.

A zamanin Turawan Ingila kakanninsu suka zo Malesiya haƙar kuza a jihohin Perak da Selangor, irin aikin da ya kai namu kakannin Jos. Tamil kuwa daga kudancin Indiya aka kwaso su gonakin roba. Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 a Kuala Lumpur, gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971, ta fifita waɗanda ake kira bumiputera, wato Malayawa da sauran 'yan ƙasa na asali, a guraben jami'a da aikin gwamnati. Gaskiya Malayawa na fama da talauci a lokacin, ban musa ba. Amma yaron da ya ci jarabawa ya rasa gurbi, uwarsa ta tara kuɗi ta tura shi Melbourne a Ostiraliya, da wuya ya dawo, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ga shi Malesiya ba ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara talatin a waje bai saki jan fasfonsa ba. Idan Sallah ta zo, ko sabuwar shekarar Sinawa, magana ɗaya ce a bakinsu: balik kampung, komawa ƙauye. A cika jaka da tsaraba, a nufi filin jirgi.