Maki ya hau, yaro bai iya karatu ba: abin da ya faru a makarantun Atlanta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka, inda sakamakon jarrabawar 'yan firamare ya kai malamai gaban alƙali.

A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata dokar ilimi da ta wajabta wa kowace jiha ta riƙa yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi duk shekara, daga aji uku zuwa aji takwas. Aka kuma ɗora buri: kafin 2014 kowane yaro ya kai matakin da ake so. Makarantar da ta yi ta gazawa shekara bayan shekara ana iya sauya mata malamai, ko a ƙwace ta daga hannun masu tafiyar da ita. Niyyar mai kyau ce, domin an daɗe ana ɓoye gazawar 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata a cikin jimillar makin jiha.

A Jojiya a wancan lokacin ana kiran jarrabawar CRCT. Yaro zai karanta tambaya, ya cike ɗan da'irar amsarsa da fensir, na'ura ta duba. Makarantun Atlanta, waɗanda akasarin ɗalibansu 'ya'yan marasa ƙarfi ne, sai makinsu ya riƙa hawa kamar da wasa. A 2009 aka ba shugabar hukumar makarantun birnin, Beverly Hall, lambar gwarzuwar shekara cikin shugabannin hukumomin makarantu na ƙasa baki ɗaya. Ta kuma karɓi tukuicin ƙwazo sama da dala dubu 500 a tsawon shekarunta kan kujera.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. 'Yan jaridar Atlanta Journal-Constitution suka lura cewa wasu azuzuwan sun yi tsallen da hankali ba zai ɗauka ba cikin shekara guda. Jiha ta sa aka sake bi ta kan takardun amsar 2009, ana ƙirga wuraren da aka goge amsar kuskure aka maye ta da daidai. Kowane yaro yana goge amsa nan da can, wani lokaci ma ya goge daidai ya sa kuskure. Amma a wasu azuzuwan gogewar ta yi yawa, kuma kusan kullum daidai take komawa. Gwamnan Jojiya Sonny Perdue ya naɗa masu bincike a 2010, rahotonsu ya fito a Yulin 2011 zamanin Gwamna Nathan Deal: an samu maguɗi a makarantu 44 cikin 56 da aka bincika, da hannun ma'aikata 178, har da shugabannin makarantu 38. Mutum 82 sun amsa da bakinsu.

Ku ji yadda aka yi ta. A makarantar firamare ta Gideons, malamai sun kwashi takardun amsa zuwa gidan ɗaya daga cikinsu a ƙarshen mako, suka zauna suna gogewa suna gyarawa. A wasu wuraren ana zaunar da yaron da bai iya ba kusa da wanda ya iya. Wani malamin nuna amsa yake da yatsa, wani kuma in yana karanta wa ƙanana tambaya sai ya ɗaga murya a kan amsar daidai. Rahoton ya ce tsoro da barazana da ramuwa su ne suka mamaye hukumar. Ya kawo labarin wata makarantar firamare inda aka tilasta wa mai koyarwa rarrafawa ƙarƙashin tebur a taron malamai, saboda makin ajinsu ya yi ƙasa. Wanda ya tona, aikinsa ne ke rawa.

Ba na wanke waɗannan malamai. Wanda aka ba amanar ɗan wani, ya ci amanar da hannunsa, ya yi laifi, ko da wane irin matsi yake ciki, kuma akwai abokan aikinsu da suka ƙi yi duk da barazanar. Amma wanda ya ɗaura albashi da kujera da mutuncin malami a kan lamba ɗaya, kuma bai taɓa tambayar yadda aka samo lambar ba, shi ma yana da nasa kason. Ita jarrabawar ba ta da laifi. Amfaninta shi ne ta faɗa wa malami da iyaye cewa yaron nan na aji uku har yanzu bai iya haɗa baƙi ba, a taimake shi tun da wuri. Da aka goge amsarsa aka gyara, an toshe wannan hanya ke nan. Uwa ta karɓi takarda cewa ɗanta ya ci, ta yi murna, aka ciyar da shi gaba, darasin ƙari da ya kamata a ba shi ya wuce shi, domin a rubuce ba ya buƙata. Wannan ne ya fi min ciwo a labarin gaba ɗaya. Mu ma nan mun san makarantun da ake kai yara a biya kuɗi don a rubuta musu amsar WAEC ko NECO a allo, kuma mun san yadda mai irin wannan sakamako yake daburcewa in an ce ya rubuta wasiƙar neman aiki.

A Maris ɗin 2013 aka tuhumi mutum 35, har da Beverly Hall, a ƙarƙashin dokar da aka tanada don gungun masu aikata manyan laifuka. Ita ta musanta har ƙarshen rayuwarta, ta rasu a Maris ɗin 2015 sakamakon cutar kansa ba tare da an yanke mata hukunci ba. Da yawa sun amsa laifi aka sassauta musu. Ranar 1 ga Afrilun 2015 aka samu 11 daga cikin 12 da suka tsaya shari'a da laifi. Uku daga manyan jami'an an fara yanke musu shekara bakwai a kurkuku, daga baya alƙali Jerry Baxter ya rage zuwa uku. Har yau ana muhawara a Amurka ko hukuncin ya yi tsanani, ganin cewa waɗanda suka tsara burin a sama babu wanda ya taɓa su.

A Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta bar jarrabawar shekara-shekara tana nan yadda take, amma ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da makarantar da ta gaza. Jojiya ta riga ta sauya CRCT da wata jarrabawar. Su kuwa yaran, sai bayan shari'a hukumar makarantun Atlanta ta buɗe shirin ba su darasin ƙari da kulawa ta musamman. A lokacin, yaron da aka gyara wa amsa yana aji uku a 2009 ya riga ya shiga babbar sakandare, wasu manyan ma sun gama ko sun bar makaranta.

A huta lafiya.