An ce suga ya fara taɓa maka ido? Saurari wannan

Assalamu alaikum jama'a. Yau da masu ciwon suga nake, musamman wanda ya je awon ido na shekara, aka ɗiga masa maganin nan mai buɗe ƙwayar ido ya zauna komai ya koma masa dishi-dishi, aka haska fitila ko aka ɗauki hoton bayan idon, sai likita ya ce akwai ɗan canji, suga ya fara taɓawa, ka dawo baɗi. Shikenan mutum ya fito gabansa na faɗuwa ya ɗauka makanta ce ta ƙaraso. Toh a kwantar da hankali, ba a kai nan ba.

Ga abin da likitan ya gani. Can bayan ido akwai wata siririyar shimfiɗa, ita ke karɓar hoton duk abin da kake kallo, likitoci na ce mata retina, kuma cike take da ƙananan jijiyoyin jini waɗanda ko gashin kai ya fi su kauri. In suga ya daɗe yana sama sai ya raunana su, nan ta kumbura ta yi ɗan ƙulli, can ta tsattsafo da jini ko ruwa kamar tsohon tiyo, a hoton za ka ga ɗigo-ɗigo ja, su ne fa. Matakin farko kenan, kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan mutum 1 cikin 3 na masu suga a duniya suna da wani abu na wannan a ido.

Inda matsalar take, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, kana karanta saƙon waya lafiya lau, sai mutum ya ce ai ina gani garau me zai kai ni layin asibiti. Wallahi nan ake yin asara. Ganinka garau ba shi ne shaida ba, hoton nan shi ne shaida, don haka ranar da aka ce ka dawo ka dawo, ko wata 6 ne ko shekara.

Sai tambayar da kowa ke yi, wane magani zan ɗiga? Babu. A wannan matakin ba a ido ake aikin ba, a jini ake yi. Ka nemi a yi maka gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda suganka ya kasance cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, ba irin na tsinken yatsa da safe ba wanda in ka kwana da yunwa zai fito da kyau ka yaudari kanka. Yawancin manya kusan kashi 7 ake so su tsaya, amma likitanka ne zai yanke maka naka. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka fitar a 1993, ya nuna masu suga nau'i na 1, wato irin wanda dole sai da allurar insulin, da suka riƙe shi tsaf sun rage ci gaban lalacewar idon da fiye da rabi. Sannan hawan jini, mutanenmu suna raina shi, alhali shi da suga in suka haɗu a jijiyoyin nan ɓarnar sauri take, a sha maganin kullum ba sai kai ya sara ba. Kitsen jini ma a duba, taba kuma a ajiye ta. Lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na sukari, malmalar tuwo uku da dare, kai ma ka sani.

Amma kar tsoro ya sa ka ninka magani da kanka, faɗowar suga lokaci ɗaya kan iya tsananta lalacewar idon na ɗan lokaci, a bi a hankali da likita. Hajiya, in kina da juna biyu ko kina shirin ɗauka ki faɗa musu da wuri, ciki yana iya hanzarta shi, awonki ba zai jira shekara ba. Kuma dan Allah kar a zuba komai a ido, ba ruwan ganye ba na kwalbar mai talla, ba ya isa inda ciwon yake, sai dai ya ƙara maka wani.

Ko ya ci gaba akwai abin yi, ana yin aikin ido da hasken leza, ana yin allura a ido in tsakiyar retina ta kumbura, da jin ta akwai tsoro amma ana kashe wurin tukuna. Ranar awo ka tafi da baƙin gilashi da wanda zai tuƙo ka, don maganin ɗigawar kan ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin ya sake ka. In kuwa ka wayi gari kana ganin baƙaƙen ɗigo ko zare-zare da yawa suna yawo, ko wani gefe ya yi duhu, ko ganin ya ragu farat ɗaya, kar ka jira ranar da aka rubuta maka, a ranar ka nufi asibitin ido mafi kusa, in kana Kaduna ga Cibiyar Ido ta Ƙasa, in Kano ne ga asibitin ido na ECWA.