Zan iya renon ɗana da harshen da ba a nono na sha ba?

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Maganar yau ta iyaye ce mazauna ƙasashen waje. A ce ga magidanci daga Maraɗi ko Kano yana zaune da iyalinsa a Hamburg ta ƙasar Jamus. Uwargida tana yi wa jariri Hausa, Jamusanci kuma yana nan yana jiran yaron a gidan renon yara da bakin titi. Shi maigida yana jin Faransanci ko Ingilishi sosai, amma a aji ya koya. Sai ya shiga wasiwasi: in na riƙa yi wa ɗana wannan harshe tun yana zanen goyo, zai kama? Ko kuwa kurakuraina kawai zan ɗora masa?

Zai kama, kuma an daɗe da gwadawa. George Saunders mutumin Ostireliya ne, Ingilishi ne harshensa na gado, Jamusanci kuwa karatunsa ya yi. Duk da haka da Jamusanci yake magana da 'ya'yansa uku, matarsa tana yi musu Ingilishi, a ƙasar da ba a jin Jamusanci a kasuwa ko a makaranta. Ya riƙa naɗar hirarsu a kaset, ya wallafa abin da ya gani a 1982 da 1988. Yaran sun tashi da harsuna biyu. Ingilishinsu ya fi ƙarfi, ba a musu, amma suna hira da ubansu da Jamusanci.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yara nawa ne a Jos, ko a zangon Kumasi, ko a Nima ta birnin Accra, suka tashi da Hausa garau, alhali iyayensu a kasuwa suka tsince ta?

To, kurakuran fa? Nan ne zuciyar yawancin iyaye ke bugawa. A 2004 wasu masu bincike biyu a Amurka, Jenny Singleton da Elissa Newport, sun ba da labarin wani yaro kurma da suka laƙaba wa suna Simon. Iyayensa su ma kurame ne, kuma sai da suka wuce shekara 15 suka koyi maganar hannu ta kuramen Amurka, don haka nahawunsu yau daidai, gobe da tangarɗa. Daga gare su kaɗai Simon ya koya. Da aka gwada shi yana ɗan shekara 7, sai ga shi ya fi iyayen riƙe ƙa'ida. Ƙwaƙwalwar yaro tana kama tsarin da ya fi yawan maimaituwa, ta zubar da sauran. Saboda haka in yau ka mayar da kalmar namiji ta mace a Faransanci, gobe ka gyara, ba ka lalata komai ba.

Amma kada a ɗauka shi ke nan. Silvia Place da Erika Hoff sun duba yara 'yan shekara 2 a kudancin Florida masu jin Sifaniyanci da Ingilishi, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun gano cewa yaran da ke jin Ingilishi daga bakin mutane daban-daban, musamman waɗanda harshensu ne na gado, sun fi ci gaba a cikinsa. Ke nan bakinka kaɗai bai isa ba. Nemo wa yaro wasu bakunan: maƙwabciya 'yar Senegal ko Kamaru, rukunin wasan yara na ƙarshen mako, ɗan'uwa da za a kira ta bidiyo ya yi hira da shi ido da ido.

Na ce hira, ban ce a ajiye yaro gaban talabijin ba. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada wannan a 2003. Jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Ingilishi kaɗai ake yi, aka zaunar da su sau 12 da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu, sai suka iya bambance sautukan Sinanci. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a allo kuwa ba su ƙaru da komai ba. Jariri daga mutum yake koyo, mutumin da ke kallonsa yana amsa masa.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, don shi ne ya fi damuna. Akwai bambanci tsakanin ƙara wa yaro harshe da musanya masa nasa. Iyaye da yawa, don tsoron kada ɗansu ya sha wahala a makaranta, sukan ajiye Hausa su koma yi masa guntun Jamusanci ko Ingilishin da su kansu ba su sake da shi ba. Wallahi asara ce. Harshen gari ba ya neman taimakonku, makaranta da abokan wasa za su cika shi da shi. Annick De Houwer ta bincika iyalai 1,899 a yankin Flanders na Beljiyam, ta wallafa a 2007, ta tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran ba sa magana da harshen gidansu. Inda aka fi dacewa shi ne gidajen da iyaye biyun ke yin harshen gida, harshen gari kuma bai wuce bakin ɗayansu ba. Don haka in uba zai ɗauki Faransanci, uwa ta riƙe Hausa gam, su biyun kuma su riƙa yin Hausa a tsakaninsu a gaban yaro. Ranar da aka kai shi gida, kaka ta ce "zo nan, mai gidana", ya kamata ya gane wasa ake yi masa, ya kuma iya ramawa.

Kafin ka fara, gwada kanka a ɗakin yaro, ba a ofis ba. Ka san sunan ƙunzugu a harshen da ka koya a aji? Bulumboti fa, da lilo, da majina, da cakulkuli? Harshen aji ba ya koyar da waɗannan. Wannan mai sauƙi ne, ka duba ƙamus, ka karanta littattafan yara da babbar murya, ka haddace waƙoƙin reno. Mai wuyar shi ne tsakar dare, jikin yaro ya yi zafi yana ta kuka, ka ɗauke shi ka rungume. Abin da zai fito daga bakinka "yi haƙuri, yi shiru, ga Baba" ne, kuma bar shi ya fito haka. Ba dole ba ne ka bar harshenka gaba ɗaya. Wasu iyayen lokaci suke warewa: wanka da karatun dare da Faransanci, sauran yini da Hausa, kullum a kan tsari ɗaya.

In kuka ji yana cakuɗa harsuna a jimla guda, kada hankalinku ya tashi, haka masu harshe biyu suke yi, manya da yara. Bayan ya shiga gidan reno zai fara mayar muku da amsa da harshen gari. Kada ku tsawata masa, kada kuma ku bi shi. In ya nemi ruwa da Jamusanci, ku ce "ruwa kake so? Ga ruwa", ku miƙa masa, ku ci gaba da hira. In kuma kun ga ya makara da magana a dukkan harsunan, ku kai shi likita a duba kunnensa da bakinsa, ku kuma faɗa wa likitan duk harsunan da yake ji a gida, don a auna shi da su duka.